Hannun da ke Gwada Ruwan Jego

Ran da Huseina ta cika kwana goma sha biyu da haihuwa, uwarta Kubura ta ga abin da ya hana ta karya kumallo.

Da hantsi ne, a bayan ɗaki, inda aka kafa zana don wankan jego. Kullum da jijjiɓi suke yi, amma ran nan an kwana ana ruwa, itace ya jiƙe, tukunya ba ta tafasa ba sai da gari ya waye sarai. Huseina ta zauna kan 'yar kujera ta juya baya. Kubura ta tsoma hannunta na dama cikin ruwan ta gwada, ta tsoma damin ganyen tsamiya, ta ɗaga za ta watsa, sai ta tsaya cak. Tsakanin kafaɗun yarinyar ga wasu tabo guda uku, fari-fari da ɗan ja a gefe, babbansu ya kai faɗin bakin ludayi. Ƙasa da su kuma wasu 'yan ƙuraje ne sun ɗuri ruwa.

Kubura ba baƙuwar jikin mutum ba ce. A ƙauyensu, can gindin duwatsu tsakanin Dutse da Kiyawa, shekara talatin ke nan ita ake kira idan mace ta haihu. Ta san makero da zagayensa kamar an zana da tsinke. Ta san ƙazuwa, da yadda take maƙalewa tsakanin yatsu ta hana yaro barci. Ta san kirci, ta san maruru, agana kuwa ba wanda zai gaya mata ita, don ita ce ta ɗauke Hassana, 'yar tagwaicin Huseina, tun ba a yaye su ba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya a ranta, ba wanda ya yi kama da wannan. Saura guda ɗaya, wanda ba a son kiran sunansa a gidan da akwai jariri.

Ta danna gefen babban tabon da yatsa. "Huseina, nan yana miki ciwo?"

Huseina ta cije leɓe, amma da yake ta ba da baya, uwar ba ta gani ba. "A'a, Inna."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Kubura ta janye yatsanta. Da yarinyar ta yi ihu da ya fi mata daɗi. Tun tana budurwa ta sha ji a bakin tsofaffi cewa tabon kuturta ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, zama kawai yake yi a jiki shiru kamar baƙon da bai yi sallama ba.

Abin kuma ya zo a mummunan lokaci. Shekarun nan ne Nasara suka zauna daram a Kano, kowane wata da sabon abin da za a ji. Makon da ya wuce mijin Kubura, Malam Jaji, ya dawo daga kasuwar Kiyawa da labarin cewa wani Bature ya sauka wurin hakimi da tafintansa, ya ce dagatai su kawo yawan makafi da kutaren da ke ƙasarsu. Ba wanda ya san me za a yi da su. Wasu suka ce magani za a ba su, wasu suka ce tattara su za a yi a kai su wani daji bayan Kano. Kubura ma ba Baturen ne ya fi damunta ba. Ta tuna wata mata a ƙauyen nan da aka ga irin wannan tabo a kumatunta tana goyo. Ba a kore ta ba, ba a zage ta ba. Dangin miji suka zo da ladabi suka karɓi yaron suka kai wa wata ta shayar da shi, ita kuma aka yi mata bukka a gefen gona. Kubura ta sha ganinta tana leƙen ɗanta daga nesa in an zo wucewa da shi.

Ga shi kuwa jibi Juma'a Safara'u za ta zo, gwaggon mijin Huseina, ta kawo kanwa da ƙaurin saniya ta duba mai jego. Safara'u irin matan nan ce da in ta shiga ɗakinki sai ta san yawan faifanki. Ba yadda za a yi ta tafi ba ta ce a kwance zane ta ga yadda wanka ya karɓi jiki ba.

Kubura ba ta gaya wa kowa ba, har Malam Jaji. Ta wuni da jaririn a hannu kamar yadda ta saba. Ɗan fari ne, Huseina kuwa kunyarsa take yi yadda ya kamata, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, nono ma sai an miƙa mata shi a ɗaki ta kau da kai. Saboda haka Abdulƙadir tun ran da ya faɗo duniya a jikin kakarsa yake. Ita ke masa wanka, ita ke goya shi, ita ke masa waƙar banza tana ce masa mijinta mai rowa, ya zo bai kawo mata ko goro ɗaya ba. Ran nan ta buɗe baki za ta tsokane shi, waƙar ta ƙi fitowa. Sai ta riƙa juya shi tana duba bayansa da cinyoyinsa da bayan kunnuwansa. Fatarsa sumul, ko ƙurji babu.

Da yamma ta yanke shawara. A ganinta sanyin haihuwa ne ya samu kafa, ai duk wani ciwon mai jego daga sanyi yake farawa. Ita ma ta lura bana ruwan ba ya yin zafi kamar da, ko itacen damina ne oho. Ta ƙara itace, ta bar tukunya ta yi ta tafasa, ta rage ruwan sirki. Ta tsoma hannu ta ji shi daidai, har ma da ɗan sanyi-sanyi.

Da damin ganye ya sauka a bayan Huseina sai ta zabura. "Wayyo Inna, da zafi!"

"Zauna mini! Wace mai jego ce ba ta ce da zafi ba? Ga hannuna a ciki, ni ba mutum ba ce?"

Huseina ta koma ta zauna ta haɗe kai da gwiwa. Tun kwanan farko ta yi wannan ƙorafin, aka ce mata raki gare ta, matan da suka zo barka suka yi mata dariya, suka ce 'yar Kubura guda tana tsoron ruwa. Daga ranar ta ƙudura ko fatarta za ta zube ba za ta sake cewa komai ba.

Hannun Kubura kuwa sananne ne a ƙauyen, ita ma tana ji da shi. 'Yan shekarun nan tana sauke tukunyar tuwo daga murhu ba tsumma, tana ɗaukar garwashi da yatsu ta kai wa maƙwabciya. Mata na cewa hannun ƙarfe gare ta, ita kuma ta yi murmushi ta ce aiki ne ya gasa shi, 'yan matan yanzu ne ba sa son wahala.

Washegari tabo uku sun zama biyar. Ƙurajen jiya sun fashe, wasu sababbi sun taso har gefen haƙarƙari. Kubura ta ajiye damin ganyen. Ta rufe wa yarinyar baya da zane, ta goya Abdulƙadir ta lallaɓa shi ya yi barci, ta kwantar da shi. Ta ce wa Malam Jaji za ta je neman ganye. Ya dube ta ya ce, "Lafiya dai?" Ta ce lafiya lau, ta fice kafin ya sake tambaya.

Wurin Dada ta nufa. Dada tsohuwa ce, matar wani wanzami da ya daɗe da rasuwa, tana zaune a wata unguwa bayan dutse inda dabino ya yi yawa. Shekara arba'in tana riƙe wa mijinta ƙaho da ƙwarya, kuma duk inda namiji ba ya iya dubawa a jikin mace ita ake turawa. Har ta zo ta fi shi ido. Ana cewa daga bakin ƙofa take gane ƙazuwa, daga yadda mutum ke susa. Wani abin da ya sa Kubura ta zaɓe ta, Dada ba ta da baki, abin da ta gani a ɗaki a ɗakin yake kwana.

Hanyar ba nisa, amma ran nan ta yi wa Kubura tsawo. Gero ya kai ƙugu, mutane na gonakinsu, kowa ta wuce sai an gaisa an tambayi mai jego da jariri. Ita kuma tana amsawa da lafiya ƙalau, tana ji kamar an rubuta maganar a goshinta. Ta samu Dada tana dama farar wuta da man shanu a sakaina, wata mata na riƙe da yaro mai ƙazuwa. Sai da suka tafi Kubura ta durƙusa.

"Dada, zuwa na yi ki rufa mini asiri."

"Asirin Allah ne ke rufewa, 'yar nan. Wa ke ciwo?"

Kubura ta faɗa mata, murya ƙasa-ƙasa, har da cewa tabon ba ya ciwo. Dada ta ajiye sakainar. Ta wanke hannu, ta ɗauki 'yar jakar fata da sandarta. A hanya ta tsaya gindin aduwa ta karyo ƙaya biyu ta soke a gefen zane. Tafiyar tsohuwa ce, kowane taku sai ta huta. Kubura na biye da ita kamar ta ɗauke ta a ka.

Da suka isa, Dada ta ce a fito da mai jego bayan ɗaki inda haske yake, ita ba ta duba fata a duhu. Huseina ta gaishe ta ta zauna, aka zame zane. Tsohuwa ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Ta shinshina wurin. Ta duba hamata da tsakanin yatsu da bayan kunne, ta shafa gira.

"Jikata, rufe ido. Zan taɓa ki. Duk inda kika ji ki faɗa. Ni ba uwarki ba ce, ba surukarki ba ce, in kika yi mini jarumta ƙarya kika yi mini, kuma ke za ta ci."

Ta zaro gashin kaza daga jaka ta ɗan goga a tsakiyar babban tabon. Huseina ta gantsare ta saki ƙara, hawaye suka zubo mata shar.

"Gashin kaza ne fa," in ji Dada. "Ko ƙayar ban ciro ba."

"Dada, kamar wuta! Kwana nawa ba na iya kwanciya da baya."

Kubura ta dafe ƙirji. "Amma na tambaye ki kika ce ba ciwo!"

"Kin ce raki ne da ni, Inna."

Dada ta miƙe tana dafa sanda. "To ki kwantar da ranki. Ba abin da kike tsoro ba ne. Shi wancan ko ƙaya ka soka ba a ji, kuma ba ya ɗurar ruwa haka dare ɗaya. Ba kyasbi ba ne ma, kyasbi ba ya sale fata. Wannan ƙuna ce. Farin da kika gani sabuwar fata ce ke tsirowa inda ta sama ta saɓule. Dafa yarinya ake yi."

Kubura ta zauna a ƙasa daɓas. Daɗi ya kama ta har ta rasa abin yi, tana dariya tana share ido da gefen mayafi, tana ta alhamdu lillahi. Ba wanda zai karɓe Abdulƙadir, ba bukka a gefen gona. Safara'u ta zo ta duba har tafin ƙafa in ta so. Dada ta ce a dakatar da ganye, a riƙa wanka da ruwa mai ɗumi, a shafa zuma a wuraren da suka fashe, in sun bushe a bi da man kaɗe, kada a fasa masu ruwan, kada kuma zane mai kaushi ya taɓa su. Ta ce Huseina ta shiga ɗaki ta kwanta rub da ciki.

Sai da yarinyar ta shige sannan Kubura ta ce, har yanzu da sauran dariya a bakinta, "Amma Dada, abin da mamaki. Ƙuna ta ina? Ni nake gwada ruwan nan da hannuna safe da yamma. Wallahi bana ma sanyinsa nake ji."

"Da wane hannun?"

Kubura ta ɗaga na dama.

"Jaririn fa, wa ke masa wanka?"

"Ni ce."

"Shi bai ƙone ba."

"Ai shi a kan ƙafafuna nake kwantar da shi, ruwan na zubo mini a ƙauri. In ya yi zafi nan take nake ji in sirka."

Sai da maganar ta fita sannan ta ji abin da ta faɗa. Dada ta miƙo hannu, Kubura ta ɗora nata a kai. Tsohuwa ta juya shi ta dubi tafin, ta dubi bayan. A gefen ƙaramin yatsa akwai wani tsohon tabon ƙuna, a kan na kusa da shi akwai sabo, ya yi ɓawo.

"Wannan yaushe kika samu?"

"Ban sani ba. Gani kawai na yi."

Dada ta ture mata mundaye sama. A ƙasan gwiwar hannu ga wani wuri ja-ja, bushe, ba gashi a kansa. Kubura ta san da shi shekara biyu, ta ɗauka kyasbi ne, takan goge shi da sabulun salo in ta tuna.

"Rufe ido, 'yar nan."

Ta rufe. Tana jin kukan kurciya a kan dutse, tana jin dakan maƙwabta, tana jin yatsun Dada riƙe da wuyan hannunta. Ta yi ta jira a fara. Da jiran ya ishe ta sai ta ce, "Dada, ki taɓa mana."

Ta buɗe ido. Ƙayar aduwa na tsaye a gefen tafinta, ɗigon jini ya taru a gindinta.

Dada ta zare ƙayar ta jefa cikin toka, ta danne wurin da babban yatsa. Kubura ba ta yi kuka ba, tsoron ya wuce na kuka. Abin da ya fara zuwa mata a rai ba Bature ba ne, ba dagaci ba ne, garwashin nan ne da take ɗauka mata na tafa mata.

"Akwai magani?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba. Akwai saiwoyin da ake sha, na ga wanda ya tsaya masa a wuri ɗaya har ya tsufa da yatsunsa goma, na ga wanda bai tsaya masa ba. Abin da na sani tabbas, ba ciwon ne ke fara cin yatsu ba, wuta ce da ƙaya da ba a ji. Daga yau idonki ne zai riƙa ji wa hannun nan. Ki duba shi safe da yamma, ki shafe shi da mai, ki nemi tsumma ki daina burga. Ruwan jego kuwa kin gama gwada shi, na 'yarki da na 'yar kowa."

"Ana ɗauka? Jariri..."

"Allah ne masani. Wasu su ce gado ne, wasu su ce zama tare ne. Na ga uwa da shi 'ya'yanta ƙalau, na ga akasin haka." Ta ɗauki jakarta. "Ni bayan mai jego aka kira ni in duba, na duba, ƙuna ce. Wanda ya tambaye ni abin da zan ce ke nan."

Ran Juma'a Safara'u ta iso da hantsi, da kanwarta da ƙaurinta. Kamar yadda aka zata, ko ruwa ba ta gama sha ba ta ce a nuna mata jiki. Ta ga zuma a baya ta riƙe haɓa. Kubura ta ce mata ƙuna ce, ruwa ne ya yi zafi, laifinta ne. Safara'u ta duba da kyau, ta ɗan taɓa, Huseina ta zabura, gwaggon ta gamsu. Ta yi 'yar dariya ta ce yau ga gwanar wanka ta dafa 'yarta, ai ba kowa ke da irin hannunta ba. Matan gidan da maƙwabta da suka shigo gaishe da baƙuwa suka taya ta dariya. Kubura ma ta yi, hannunta na cikin mayafi.

Suna nan zaune a inuwar rumfa sai Abdulƙadir ya farka a kan tabarma ya fara kuka. Huseina ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane, kamar kukan ɗan maƙwabta ne. Safara'u na kwance ƙullin kanwa. Ba wadda ta motsa, kowa ta san mai ɗaukarsa. Yaron ya ƙara murya, yana wutsil-wutsil da ƙafa, yana juya kai ɓangaren da ya saba jin waƙa.

Kubura ta yunƙura har ta rabu da ƙasa, sannan ta koma ta zauna.

"Huseina, ɗauki ɗanki."

Huseina ta ɗago a firgice. "Inna, a gaban mutane?"

"A gaban mutane. Ki tallafe masa wuya da hannun hagu, haka yake so. In ya ƙi shiru ki ɗora shi a kafaɗa ki ɗan bubbuga bayansa."

Mata suka dubi juna. Safara'u ta ce ikon Allah, zamanin Nasara ya zo da abubuwa, yau kaka ce ke hana kunyar ɗan fari. Huseina ta miƙa hannu ta ɗauke shi a karkace, kansa na lilo. Kubura ta ga kan yana lilo, ta damƙe hannunta na dama da na hagu a cikin mayafi, ta riƙe shi gam har yaron ya yi shiru.